Guba Da Makarinta A Wannan Yanki Namu Na Manoma



Mai girma shugaban taro, shugaban wannan ƙungiya tamu da 'yan kwamitinsa, iyayenmu malamai waɗanda suka sha wahalarmu, manyan baƙi, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa.

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani abu da ya shafi sana'ata, wato harhaɗa magunguna. Ya kuma ja mini kunne kada in mayar da wannan zaure ajin kimiyya, domin akwai waɗanda suka sha barci a wancan aji, kuma ga su can na hango su a layin baya, inda suka saba zama. To, zan yi ƙoƙari. Abin da na zaɓa shi ne magungunan da ake karya guba da su, da waɗanda ake ceto mutumin da ƙwaya ta yi wa yawa.

Bahaushe yana da kalmarsa tun kafin zuwan asibiti, ita ce makari. Maharban da suke dafa dafin kibiya da 'ya'yan kwankwani ba su fita daji sai da makari a rataye, kuma sun san makarin wannan dafi dabam yake da na wancan. Ko makarin nasu yana aiki ko ba ya yi, wannan wata magana ce, amma tunanin nasu daidai yake, kuma a kansa likitancin zamani yake tafiya. Makari kamar ɗan makulli yake, ƙofa ɗaya yake buɗewa. Gubobin da aka sani a duniya dubbai ne, waɗanda ke da makari na musamman kuwa ba su wuce 'yan gomomi ba. Saboda haka tambayar farko da likita zai yi idan an kawo masa mutum ranga-ranga ita ce, me ya sha? Ta biyu kuma, yaushe ya sha?

Bari in fara da gona, tun da can ne yawancinmu muka fito. Daga mahaifata Tafoki zuwa Daudawa, Mairuwa, Sheme da 'Yankara, har a gangara Sabuwa ko a nufi Ƙanƙara, ƙasa ce ta masara da dawa da auduga da waken suya. Daudawa ma tun zamanin Turawa aka san ta da noman auduga. Yau babu gidan manomi da za ka shiga ka rasa jarka ko kwalbar maganin feshi, wani lokaci a ƙarƙashin gado, wani lokaci a madafa kusa da kwalbar man gyaɗa. Da yawa daga cikin magungunan kashe ƙwari 'yan gida ɗaya ne da ake kira oganofosfet. Fiya-fiyar da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe a sayar a tasha tana cikinsu, haka ma Sniper, wanda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna a 2019, bayan mutuwar matasa da dama da suka sha shi.

Ga yadda wannan guba take aiki. Duk lokacin da jijiya za ta ba wata gaɓa umurni, ko ta ce wa tsoka ta motsa, ko ta ce wa baki ya kawo miyau, sai ta saki wani sinadari mai kai saƙo. Da zarar saƙo ya isa, akwai wani sinadarin da aikinsa shi ne ya share na farko, don umurnin ya tsaya. Gubar feshi wannan mai sharar take ɗaurewa. Sai jiki ya zama kamar famfon da kansa ya lalace. Miyau ya yi ta dalala, zufa ta karyo, hawaye da majina su zubo, ga amai ga gudawa, ƙwayar ido ta tsuke ta koma kamar kan allura, bugun zuciya ya ragu, tsokoki su riƙa rawa. Abin da ke kashewa shi ne ƙirji. Huhu yana cika da ruwan jikin mutum, tsokar numfashi kuma ta gaji, sai mutum ya nutse alhali yana kwance a kan tabarma.

Makarinta shi ne atirofin, allura ce tsohuwa mai araha wadda kowane ma'aikacin asibiti ya sani. Ita ba ta kwance mai sharar da aka ɗaure, sai dai ta je ta toshe kunnen gaɓoɓin da ake ta yi wa ihu, su daina jin umurnin. Amma akwai abin da nake so ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su riƙe. A wannan hali ba a yin allura ɗaya a koma a zauna. Ana yi ne ta jijiya, a saurari ƙirji bayan minti 5, in bai bushe ba a ninka, a sake saurare, a sake ninkawa, har sai ƙirji ya washe, zufa ta tsaya, zuciya ta dawo daidai. Mutum ɗaya yana iya cinye 'yan kwalabe 30 ko 50 ko fiye a rana ta farko. Ɗakin shan maganin da ke da kwalba 5 a cikin durowa, a lissafin wannan guba, ba shi da atirofin. Akwai magani na biyu mai suna faralidokzim, wanda aka yi domin ya kwance mai sharar. A takarda aikinsa ya fi burgewa, amma babban gwajin da aka yi a ƙasar Siri Lanka, aka buga a 2009, bai nuna yana rage mutuwa ba, ga shi da tsada. Ni dai in kuɗi sun yi kaɗan, atirofin da iskar oksijin zan saya.

Yanzu ga abin da zai ta da na layin baya. Kun san zaƙami, wanda wasu ke kira haukata-yaro, da ke fitowa a juji da bayan gari? Atirofin yana cikin sinadaran da ke jikinsa. Shi ya sa yaron da ya sha zaƙami yake zama kishiyar wanda ya sha fiya-fiya. Bakinsa ya bushe, fatarsa ta yi zafi babu zufa, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi ta gudu, ya riƙa kama abin da babu. To, makarin zaƙami kuma daga ina? Daga nan Nijeriya. A ƙasar Kalaba akwai wani wake mai guba da mutanen Efik suke kira esere, wanda a da suke ba wanda ake tuhuma da maita, kamar yadda aka yi shan gwaska a nan ƙasar Hausa. 'Yan mishan na Sikotlan suka kai shi birnin Edinbara, masana suka duƙufa a kansa, a 1864 aka ware sinadarin da ke cikinsa aka sa masa suna fisostigmin. Aikinsa a jiki irin na gubar feshi ne, wato ɗaure mai shara, sai dai shi yakan saki bayan ɗan lokaci. A wannan shekara ta 1864 wani likita a birnin Firag ya yi amfani da waken Kalaba ya ceto fursunonin da suka sha atirofin suna zaton giya ce. Bayan 'yan shekaru kuma Thomas Fraser na Edinbara ya nuna cewa atirofin yana karya gubar waken Kalaba. Kun ga guba biyu ke nan, kowace makarin 'yar'uwarta. Kada dai wani ya fita daga nan ya ce na ce a ɗura wa wanda ya sha fiya-fiya zaƙami. Abin da ya raba magani da guba shi ne awo, ganyen juji kuwa ba shi da awo, kuma wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai ta baki.

Akwai kuma kayan gona waɗanda har yau duniya ba ta samo makarinsu ba, kuma su ne suka fi ba ni tsoro. Ɗaya shi ne farakwat, maganin ƙone ciyawa. Mutum yana iya sha ya ga kamar ya tsira, sai bayan kwanaki huhunsa ya ƙandare. Abin da ake iya yi kawai shi ne a gaggauta ba shi garin gawayin asibiti ko wani irin yumɓu na musamman don ya kama gubar tun tana ciki. Mutanen Ƙanƙara kada ku ce farar ƙasarku ce, ba ita ba ce. NAFDAC ta sanar da haramta farakwat daga farkon 2024, amma haramci a takarda ba ya kwashe jarkokin da suka riga suka shiga ɗakunan mutane. Na biyu ita ce ƙwayar Phostoxin da ake jefawa a buhun wake ko rumbu. Da ta sha danshi sai ta saki iska mai kisa, har ta kan halaka masu barci a ɗakin da aka jibge buhunan. Tun 2007 aka fito da buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da an sa magani ba. Wanda duk ke ajiye wake a gidan da yara suke, ina roƙonsa ya koma wa wannan buhu.

Me mutanen gida za su yi kafin a isa asibiti? A tuɓe wa mutum tufafin da maganin ya jiƙa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, mai wankewa ya sa leda a hannu. A kwantar da shi a gefen hagu don kada amai ya koma masa huhu. A ɗauki kwalbar ko jarkar ko kwalin a tafi da shi, ko da babu komai a ciki, domin sunan da ke jikin kwalba ya fi duk bayanin da dangi za su yi. Sannan a faɗa wa likita gaskiya. Na san abin da ke sa a ɓoye. Idan yarinya ce ta sha da gangan saboda auren da ba ta so, ko saurayi saboda bashi ko baƙin ciki, iyaye sukan ce ai faɗuwa ta yi, ko iskoki ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk mintin da likita ya ɓata yana lalube, daga ran yaronku aka cire shi. In kuma Allah ya sa ya tashi, yana bukatar wanda zai zauna ya saurare shi fiye da mai yi masa faɗa.

Sai maganar madara da manja, waɗanda a wurinmu suka zama makarin komai. Ba makarin komai ba ne. Yawancin magungunan feshi a cikin mai ake narka su, saboda haka mai ba ya kashe su. Mafi muni shi ne sa mutum amai da ƙarfi, ko da ruwan gishiri ko da tura yatsa. Ku ɗauki yaron da ya sha kananzir da aka zuba a gorar lemo, abin da ke faruwa kusan kowace unguwa. Kananzir a ciki ba ya cika yin kisa, haɗarinsa yana huhu. Idan aka ɗura wa yaro manja ya yi amai, a lokacin ne kananzir ɗin yake samun hanyar shiga huhu. Haka ruwan batir da soda, sun ƙona maƙogwaro wajen shiga, in aka sa amai su sake ƙona shi wajen fita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Gawayin asibiti da na ambata shi ma dabam yake da na murhu. An sarrafa shi ne ya zama mai ƙananan ramuka marasa iyaka da ke kama guba, ya fi amfani a cikin sa'a ta farko, kuma ba ya kama kananzir, ko dalma, ko ƙwayar ƙarin jini.

Daga gona sai mu shigo gari, inda gubar take zuwa a cikin sacet. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a kan shekarar 2017 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da kayan maye, miliyan 4.6 daga cikinsu kuma magungunan kashe zafin ciwo ne irin su tiramol suke sha ba bisa umurnin likita ba. A farkon watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani fim na binciken BBC da ya nuna yadda ake cinikinsa. A karkararmu ba don nishaɗi kaɗai ake shan tiramol ba. Ɗan ƙwadago yana sha don ya yi noman wuni guda, ɗan acaba yana sha don ya kwana a kan hanya. Wanda doka ta yarda da shi mai awo 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa har 225 ake samu.

Dangin kodin da tiramol suna kashewa ne ta hanyar sa ƙwaƙwalwa ta manta da numfashi. Za ka ga mutum ya yi barcin da ba ya jin kira, yana wani irin minshari, numfashi jefi-jefi, ƙwayar ido a tsuke. Ku lura, shi ma idonsa a tsuke yake kamar na mai fiya-fiya, amma ba za ka ga dalalar miyau da gudawa ba. Babban kuskure shi ne a ce a bar shi ya yi barci abin ya sake shi. Makarin wannan shi ne nalokzon, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1971. A duk magungunan da na sani babu wanda aikinsa ya kai nasa ban mamaki. Cikin minti 2 zuwa 3 wanda ake shirin yi wa salati sai ya buɗe ido, wani ma ya tashi da faɗa. Yana ture ƙwayar ne daga mazauninta a ƙwaƙwalwa ya zauna a wurin. Amma ƙarfinsa ba ya wuce rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya da rabi, ƙwayar kuwa tana nan a jini tana jira, saboda haka wanda ya farka ba a sallamarsa nan take. Tiramol kuma yana da nasa sharrin na dabam, yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda nalokzon ba ya tsayarwa, sai an yi allurar diyazifam. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar nalokzon a hannun mutanen da ke kusa da masu shan irin waɗannan ƙwayoyi, a Amurka ma tun 2023 ana sayar da na fesawa a hanci ba tare da takardar likita ba. Na san wasu za su ce wannan ɗaure wa shaye-shaye gindi ne. Ni ban gani haka ba, domin sai yaro yana da rai ake zancen shiryuwarsa.

Farasitamol, wanda muke ɗauka kamar alewa, shi halinsa shiru-shiru ne. Babba bai kamata ya wuce ƙwaya 8 masu awo 500 a wuni da kwana ba, kuma ku sani yana ɓoye a cikin magungunan mura da haɗin maganin gajiya da ake ƙullawa a leda. Wanda ya sha fiye da kima yakan wuni garau, sai a kwana na 2 zuwa na 4 hanta ta fara lalacewa, ido ya yi ɗorawa. Makarinsa, asetilsistin, yana kare hanta kusan gaba ɗaya in an fara shi cikin sa'a 8. Mai jiran ya ga alama kafin ya je asibiti ya riga ya makara. Sauran zan ambata a gurguje. Maganin ɓera mai tsinka jini makarinsa bitamin K. Ƙwayar ƙarin jini ta masu juna biyu, in yaro ya kwashe ta ya haɗiye, akwai allurar desferoksamin. Hayaƙin janareto, ko garwashin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu, makarinsa a fito da mutum sarari a sa masa oksijin. Gurɓataccen maganin haƙoran yara na My Pikin da ya kashe yara 84 daga ƙarshen 2008 yana da makari mai suna fomefizol, sai dai yana da tsada ainun, kuma ba ya gyara ƙodar da ta riga ta mutu.

Dafin maciji shi ma guba ne, kuma a nan yankinmu yana da tarihi a littattafan likitanci. A shekarun 1970 Farfesa David Warrell ya yi aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a kan saran kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe-da-nisa. A nan maƙwabtanmu Malumfashi kuma masu bincike suka bi ƙauyuka suna ƙirga waɗanda kumurci ya sara ko ya tofa wa dafi a ido, aka buga sakamakon a 1980. Daga irin wannan aiki aka sami gwajin da ake yi yau a ƙasashe da yawa. A ɗebi jinin wanda aka sara a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafin kububuwa yana aiki, a sa makari. Shi makarin dafi daga jinin doki ko tunkiya ake samo shi, bayan an saba wa dabbar da dafin kaɗan-kaɗan, dabarar da Albert Calmette na Faransa ya fito da ita wajen 1895. Ma'anar wannan ita ce, dole a yi shi da dafin macizan ƙasar da za a yi amfani da shi. A wani asibiti a Gana, da aka sauya zuwa makarin da aka yi da macizan Indiya, mutuwa ta tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin 100 zuwa kashi 12. Namu su ne EchiTAb-Plus da ake yi a Kosta Rika domin kububuwa da kasa da kumurci, da EchiTAbG da aka yi a Birtaniya domin kububuwa kaɗai, dukansu da dafin macizan Nijeriya, kuma an gwada su a asibitin Kaltungo ta jihar Gombe, aikin da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero yake cikin jagororinsa. Ɗaure ƙafa da igiya tamau, da tsagawa, da tsotsa, da baƙin dutse, duk ɓata lokaci ne, ɗaurin ma yakan jawo a yanke ƙafa. In kumurci ya tofa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

Na bar maganar Zamfara a baya da gangan, domin ita ce ta fi kusa da mu, kuma ita ta fi nuna iyakar makari. Daga 'Yankara taku kaɗan ne ka shiga ƙasar Tsafe, kuma babu wanda bai san matasanmu da suka tafi haƙar zinariya ba. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, ta lura yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Amai, ciwon ciki, jijjiga, sai rasuwa. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, ba su yi aiki ba. Mutanen ƙauyukan sun ce tun kafin yara su fara, agwagi ne suka fara ƙarewa. Da aka auna jini sai aka ga dalma ce. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da ita, ana kawo shi cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙan hatsi, ƙura ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. A Dareta da 'Yargalma bincike ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu a cikin shekara guda. Jimilla yara fiye da 400 ne suka rasu. Ƙaramin injin awon da aka kai ƙauyukan iyakarsa 65, ana fara ba da magani daga 45, amma jinin yara da yawa ya wuce abin da injin ke iya karantawa, sai an surka shi.

Makarin da aka yi amfani da shi sunansa saksima, ƙwaya ce ta haɗiya da ake ba yaro na tsawon makonni. Irin waɗannan magunguna suna kama ƙarfe ne kamar yadda ƙaguwa ke kama abu da ƙafarta, su fita da shi ta fitsari, sunan da masana suka ba su ma daga kalmar Girkanci ta ƙafar ƙaguwa aka samo shi. Kakansu an ƙirƙiro shi ne a Okusfod lokacin yaƙin duniya na biyu don maganin iskar yaƙi mai guba. Waɗanda dalma ta riga ta taɓa wa ƙwaƙwalwa kuma akan haɗa musu da allura ta jijiya. Mutuwa ta ragu ƙwarai da aka fara magani. Amma likitocin sun tsaya a kan sharaɗi ɗaya mai ɗaci, cewa babu amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da dalma. Sai an kankare ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa. A Bagega, wadda ta fi sauran girma, yara sun yi ta jira har 2013 kafin a saki kuɗin kwashe ƙasar a fara ba su magani. Kuma yaron da dalma ta riga ta lalata wa ƙwaƙwalwa, ko ta makantar, saksima ba ya dawo masa da abin da ya rasa. A 2015 abin ya sake faruwa a yankin Shikira ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. MSF ta miƙa aikin Zamfara ga gwamnatin jiha a 2022. Duk wanda ɗansa ko ƙanensa ke zuwa haƙa, ya hana shi shigo da dutse gida, ya kuma sa shi wanka da sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro. Iyayenmu mata kuma, a yi mini haƙuri, kwallin dutse da ake ranɓaɗa wa jarirai yawancinsa dutsen dalma ne. A 2011 an sami jaririn wasu 'yan Nijeriya a birnin Bostan na Amurka da dalma a jini, da aka auna kwallinsa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce.

Shugaban taro, ga abin da nake nema daga wannan ƙungiya. Yawancin magungunan da na lissafa suna cikin jerin magungunan dole na Hukumar Lafiya ta Duniya, jerin da aka fara fitarwa tun 1977. Asibitocin Funtuwa da Ƙanƙara da Malumfashi suna nan, Shika ma tana nan, amma mai fiya-fiya a ƙirji ko mai tiramol a jini ba kullum yake kai wa can ba, kuma shekarun da muka yi muna fama da 'yan bindiga sun koya mana cewa ba kowane dare hanya take biyuwa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina ba da shawarar a naɗa mutum 5 daga cikin likitoci, malaman jinya da masu harhaɗa magunguna da ke cikinmu, su zaga ɗakunan shan magani na Tafoki da maƙwabtanta kafin faɗuwar damina, su ƙirga abin da ke akwai da idonsu. Inda babu, ƙungiya ta sayi akwati ɗaya ta ajiye, mai ɗauke da atirofin kwalba 100, nalokzon kwalba 10, diyazifam, gawayin asibiti, bitamin K, da jakar roba ta hura numfashi, babba da ƙarama. Makarin maciji yana son firij kuma yana da tsada, shi sai mu nemi a ajiye a babban asibiti mafi kusa, mu kuma san lambar wayar mai riƙe da makullin. A sa mutum ɗaya ya riƙa duba ranar lalacewar magungunan duk wata 6, a musanya waɗanda suka kusa da asibitin da zai yi amfani da su da wuri. A kuma yi wa ma'aikatan wurin bita ta wuni ɗaya, wadda ni na ɗauki nauyin koyar da ita kyauta, tare da takarda guda da za a manna a bango da boko da ajami.

Na rubuta jerin kayan da kimar kuɗinsu na miƙa wa sakatare, in an zo maganar kuɗi ma'aji zai karanta mana.